Zuwa ga Edita: Tumakin da Masu Zanen Sifaniya Suka Zana, da Namu da Ba a Zana Ba

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana a kan wani abu da ba a cika kawowa a shafin wasiƙu ba, wato zanen tumaki da makiyaya. Mu da muka haɗu a kan wannan wasiƙa, wasunmu malaman zane ne a lakkwal, wasu kuma ma'aikatan kiwo ne a nan Damagaram. Damuwarmu ɗaya ce. Yaron da aka haifa a Tanut ko Gure, wanda ya tashi yana kora Uda da Balami, in ka ba shi fensir ka ce ya zana tunkiya, sai ya zana wata dunƙulalliyar dabba mai gashi kamar auduga da gajerun ƙafafu, irin ta littattafan Turai. Wadda ke ɗaure a turken gidansu bai taɓa tsayawa ya dube ta da niyyar zanawa ba. A ganinmu masu zanen Sifaniya suna da abin koya mana a nan, domin nagartattun cikinsu tunkiyar ƙasarsu suka duba, suka san aikin kiwonta, suka zana ta yadda take.

Mu fara da ƙaramin zanen da Francisco de Zurbarán ya yi tsakanin 1635 da 1640, wanda ke gidan zane na Prado a Madrid. Faɗinsa santimita 62, tsayinsa bai kai 40 ba. Ɗan rago ne kwance a kan dakali mai launin toka, an haɗa ƙafafunsa huɗu an ɗaure da igiya, bayansa duhu ne baƙi ƙirin. Babu ciyawa, babu sama, babu mutum. Ga Kiristocin zamaninsa zanen alama ce ta addininsu. Amma duk wanda ya taɓa ɗora rago a amalanke zuwa kasuwa zai gane ɗaurin nan da gani ɗaya. Zurbarán ɗan garin Fuente de Cantos ne a yankin Estiremadura, inda garkunan merino, tumakin Sifaniya masu laushin ulu, ke cin ɗari, don haka dabbar ba baƙuwarsa ba ce. Masana sun ƙiyasta ragon ɗan wata 8 zuwa 12 ne, kuma zane ne ya ba su damar faɗin haka, saboda mai zanen bai yi wa jiki da ƙaho ƙari ko ragi ba.

Abin da ya kamata mai koyon zane ya tsaya a kai shi ne gashin. Daga nesa fari ne, amma in an matso sai a tarar fari tsantsa kaɗan ne a cikinsa. Akwai ruwan ƙasa, akwai rawaya-rawaya, akwai toka, an jera su da gajerun shafe-shafen buroshi masu lanƙwasa, an tara fenti da kauri inda haske ya sauka, an bar shi siriri inda inuwa take. Masu zanen birnin Sebiya na lokacin, inda Zurbarán ya yi aiki, sukan fara shafe ƙyallen da ƙasa mai duhu kafin su ɗora komai, kuma wannan duhun na ƙarƙashi shi ke ba ulun zurfi. Dalilin launin kuwa makiyayi ya fi kowa saninsa. Ulun merino yana da maiƙo sosai, maiƙon na kama ƙura, sai bayan gashin ya dafe, sai ka buɗe shi da yatsu ka ga farin yana ciki. Wanda ya zana merino fari fat bai taɓa ta da hannu ba.

Akwai wasu a wancan ƙarni na 17 da suka cika zanensu da garkuna. Pedro de Orrente, ɗan Mursiya, wanda ya rasu a 1645, labaran annabawa yake zanawa, amma tumaki da karnuka da tukwane da jakunan fata su ke cinye rabin ƙyallen, kuma na karkarar Sifaniya ne. José de Ribera ya zana Yakubu da garken Laban a 1632, zanen na ajiye a fadar El Escorial kusa da Madrid. Murillo ma ya zana tumaki, sai dai nasa sun fi tsabta da laushi, an yi su ne don su sanyaya zuciyar mai ibada. Goya, a 1786 zuwa 1787, ya zana makiyayi yana busa da yaro a kan rago, don a saƙa su a dardumar bangon fada. Ado ne mai kyau, amma ba za ka koyi kiwo daga gare shi ba.

Ba za a iya karanta waɗannan zane-zane ba sai an san tsarin da ke bayansu, kuma a nan ne muke ganin ɗan Damagaram ya fi Bature ɗan birni saurin fahimta. A 1273 Sarki Alfonso na Goma ya amince da ƙungiyar masu tumaki da ake kira Mesta, ya ba ta gata. Garkuna kan yi bazara da damina tasu a duwatsun arewa, wajen Leyon da Soriya da Segobiya, in sanyi ya gabato a ƙarshen Satumba su gangara kudu zuwa Estiremadura da Andalus, su komo a Afrilu da Mayu. Tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita, wadda kan ci kusan wata guda. A farkon ƙarni na 16 tumakin da ke wannan tafiya sun kai wajen miliyan 3. Suna da burtali da doka ta auna: babba mita 75, matsakaici mita 37 da rabi, ƙarami kimanin mita 20. Akwai alƙalai masu yawo da ke bin burtalin suna aunawa, suna cin tarar wanda ya shigar da gonarsa ciki. Su ma makiyaya an haramta musu wurare biyar: gonar hatsi, gonar inabi, lambu, fadamar da ake yankan ciyawa, da makiyayar da aka keɓe wa shanun noma. Rigima tsakanin manomi da makiyayi ba ta ƙare ba duk da haka, kuma manoma sun daɗe suna kukan cewa an fifita ulu a kan abinci, domin ulun ne ake fitarwa ta Burgos da Bilbawo zuwa masaƙun arewacin Turai. An hana fitar da merino da rai har ƙarni na 18, lokacin da aka kai wasu Sakisoniya ta Jamus a 1765, wasu kuma Rambuye ta Faransa a 1786.

Garke ɗaya kan kasance tumaki dubu ko ɗan fiye. Yana da babban makiyayi da mataimaka wajen huɗu, ƙaraminsu yaro ne mai aike. A gaba akwai fiɗiyayyun raguna da aka saba da hannu, an rataya musu manyan ƙararrawa, su ne ke bin makiyayi in ya kira, sauran garken ya bi sautin. A gefe akwai manyan karnuka, galibi biyar, da abin wuya na ƙarfe mai tsinin ƙusoshi don kada kyarkeci ya kama su a maƙogwaro. Waɗannan karnuka gadi suke yi, ba sa kora tumaki. A baya akwai goɗiyoyi ko jakuna ɗauke da raga ta shinge, tukunya, gurasa, bargo, da gishirin lasa. Da dare a kafa ragar a kan gona a kwana, gobe a matsa da ita gaba, ta haka ake bi da taki har gonar ta cika, abin da manomanmu ke shiryawa da Fulani bayan an kwashe amfani. Makiyayin kansa yana sanye da rigar fatar tunkiya mai gashi, da fata a cinyoyi don ƙaya, da takalmin fata mai igiya, da jaka a kafaɗa, da sanda mai lanƙwasa a kai wadda ake kama tunkiya da ita.

In ka san wannan, zane sai ya fara yi maka magana. Ƴan raguna ƙanana a ƙarƙashin itatuwan ensina masu faɗin kai, a fili mai ɗanyar ciyawa, ɗari ne a kudu, domin a nan ake haihuwa. Tumaki sirara, farare, da alamar baƙin ƙaro a kwiɓi, an gama aski ke nan, watan Mayu ko Yuni ne, suna hanyar hawa dutse. Askin kansa babban aiki ne a manyan gidajen aski na kusa da Segobiya. Ana cusa tumakin a wani ɗaki marar iska su yi gumi don maiƙon ya yi laushi almakashi ya shiga, wasu su ɗaure ƙafafu huɗu su ajiye a gaban mai aski, yara na yawo da garin gawayi suna barbaɗawa inda almakashi ya yanki fata, a ƙarshe a buga wa kowace alamar mai ita. Dogon gashi mai kaushi da baƙi a kewayen ido da kunne da baki, wannan churra ce, tunkiyar nono da nama, wadda galibi ba ta yin doguwar tafiya. Doguwar jela a jikin babbar merino kuwa abin tuhuma ne, saboda ana yanke musu jela tun suna ƙanana don kashi kada ya dafe a ulu ya jawo ƙuda da tsutsa.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu a tarihin. An rushe Mesta a 1836. A 1855 aka yi dokar da ta sa aka sayar da filaye masu yawa na gari da na jama'a. Kafin ƙarnin ya ƙare garkuna sun fara shiga jirgin ƙasa, burtali ya fara zama gona da hanya da gida. A daidai wannan lokaci ne salon zana abu yadda yake a zahiri ya kafu a Sifaniya. Ma'ana, masu zane sun fita daji da akwatin fentinsu ne bayan abin ya fara ƙanƙancewa.

Wanda ya buɗe musu hanya shi ne Carlos de Haes, haifaffen Burussel a 1826, wanda ya tashi a Malaga, ya zama malamin zanen karkara a makarantar San Fernando ta Madrid a 1857. Shi ba mai zanen tumaki ba ne, duwatsu da koguna da itatuwa ya fi zanawa. Hanyar aikinsa ce ta shafe mu. Yakan fita da ɗalibansa su zauna a gaban abin da za su zana, su yi ƙaramin zane da fentin mai a kan takarda ko ƙaramin ƙyalle a zama ɗaya, kafin rana ta juya inuwa ta sauya. Babban zanen sai an koma ɗaki ake yin sa, daga waɗannan ƙanana. Fentin da ke zuwa a cikin ƴar robar ƙarfe mai matsewa, wadda aka ƙirƙiro a 1841, ita ta sauƙaƙa wannan fita. Bayan rasuwarsa a 1898, ɗalibinsa Jaime Morera ya miƙa wa hukuma irin waɗannan zane fiye da 180, yau suna hannun Prado. A Kataloniya kuwa Joaquim Vayreda, wanda ya rayu daga 1843 zuwa 1894, shi da Josep Berga suka kafa salon garin Olot, inda aka zana fadamu masu damshi, da manoma, da garkuna a inuwar itatuwa, bisa tasirin masu zanen Barbizon na Faransa. Dionís Baixeras, ɗan Basalona da ya rasu a 1943, ya raba aikinsa tsakanin masunta a bakin teku da makiyaya a duwatsun Firenis, da bargonsu da sandarsu da gajimare a bayansu.

Ba duka muke yabo ba. A 1856 aka fara baje kolin zane na ƙasa a Madrid, masu saye kuma attajiran birni ne da ke son karkara mai daɗin kallo a bangon falo. Saboda haka aka samu tarin zane na ƴanmata makiyaya masu tsabtar riga, da tumaki ƙosassu duka girma ɗaya, da faɗuwar rana mai ja. Ba kasafai ake ganin kaska ba, ko gurguwar tunkiya a ƙarshen garke, ko shekarar fari, ko mutumin da ya bar iyalinsa rabin shekara a kan ɗan lada. Wannan rauni ne na gaske, kuma shi ne tarkon da mai zanenmu zai faɗa in ya ce zai zana Bafillatani don baƙo mai yawon buɗe ido: rawani mai sheƙi, sanda a kafaɗa, rana na faɗuwa, shi ke nan. Abin da ya rage da daraja daga Sifaniya shi ne aikin waɗanda suka bar datti da gajiya a inda suka gan su.

To, ga ƴanuwanmu masu zane, har da masu rubuta allon shago da masu yi wa mota ado, ga yadda muke ba da shawarar a fara. Kada a fara da fenti. A ɗauki gawayi ko fensir da takarda mai arha a tafi kasuwar dabbobi ko bakin rijiya, a nemi izinin mai dabba, a yi zanen gaggawa na minti ɗaya ko biyu, guda 20 ko 30 a zama ɗaya. Tunkiya ba ta tsayawa, don haka a buɗe zane uku ko huɗu a shafi ɗaya, duk lokacin da ta komo wani tsayi a ƙara masa layi. A fara da layin baya daga ƙeya zuwa gindin jela, sai akwatin ƙirji da ciki, sai ƙafafu, kai ya zo a ƙarshe. Masu koyo kan fara da kai, sai ya fito ƙato jikin ya rasa wuri. A riƙa aunawa da fensir a miƙe da hannu: tsawon kai sau nawa ya shiga tsawon jiki, tazarar ciki da ƙasa nawa ce. A nan bambancinmu da Sifaniya yake. Ulun merino na ɓoye ƙashi, mai zanensu dunƙule yake zanawa ya yi wasa da haske a kan gashi. Tumakinmu gashinsu gajere ne, kafaɗa da haƙarƙari da ƙugu duk a fili suke, ƙafafu dogaye, babban ragon Uda kan kai santimita 80 ko fiye a kafaɗa. Mai zanenmu ba shi da inda zai ɓoye rashin sanin ƙashi.

Kurakuran da muka fi gani su ne waɗannan. Ƙafar baya: gaɓar da ke kallon baya ba gwiwa ba ce, dunduniya ce, gwiwar gaske na can sama kusa da ciki, in ba a gane haka ba ƙafar kan fito kamar an karya ta. Kofato a rabe yake biyu. Ƙwayar ido a kwance take, in an yi ta zagaye fuskar ta zama ta kare. Tunkiya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri, leɓen sama kuma a tsage yake, shi ya sa take iya tsinkar ciyawa har ƙasa. In za ta kwanta gwiwoyin gaba take fara durƙusawa, in za ta tashi baya ke fara ɗagawa. A jikin Uda, iyakar baƙi ko ja na gaba da farin baya dole ta bi zagayen jiki, in aka ja ta miƙe sai dabbar ta koma shafaffe. Kunnuwanta da na Balami dogaye ne masu saukowa, hancin Balami a gantsare yake, ƙahon ragon Uda yana murɗewa ne yana fita gefe. Kowanne sai an dube shi da kansa.

Garke kuma ba tarin tumaki ɗaya-ɗaya ba ne. Masu zanen Olot sukan kammala uku ko huɗu na gaba sosai, sauran su zama bayayyaki masu haske da inuwa ɗaya da ta haɗe su a ƙasa. In ka zana ƙafafun kowace, ido ya gaji, garken ya watse. A kula da sa'a. Da safe suna bazuwa suna kiwo, yawanci fuska ɗaya suke kallo. Da tsakar rana a bazara suna cunkushewa, kowace ta cusa kai a inuwar ƴar'uwarta, ba mai ci. Wanda ya zana inuwa gajera ta azahar, tumaki kuma a baje suna kiwo da nishaɗi, makiyayi zai san daga ɗaki aka yi shi. Na nesa su fi ƙanƙanta su kuma fi dusashewa, musamman a hunturu da ƙura ke cin launi tun daga ƴar tazara kaɗan. Kuma kowace dabba a ba ta inuwa a ƙarƙashin kofato, in ba haka ba sai ta yi kamar tana shawagi.

Kayan aiki ba sai an jira na waje ba. A sami katakon filawud, a yanka santimita 30 da 40, a goge da sanfefa. A dama farin gam na kafinta kashi 1, ruwa kashi 2, a zuba garin alli har ya yi kaurin kunu, a shafa siriri sau uku, kowanne ya bushe a goge kafin na gaba. A shafa bayan katakon ma, in ba haka ba zai lanƙwashe. In an yi shafin da kauri zai tsage. Sannan a bi da jar ƙasa ko ruwan ƙasa siriri don a kashe farin, kamar yadda na Sebiya ke yi, domin farar tunkiya ba ta fitowa a kan farin allo. Launi huɗu sun isa: fari, rawayar ƙasa, jar ƙasa, da baƙi ko shuɗi mai duhu. Inuwar farar dabba a haɗa ta da shuɗi da jar ƙasa da fari, kada a yi ta da baƙi kaɗai, tana mutuwa. Fari tsantsa a ajiye shi sai ƙarshe, a ɗora a doron baya da saman kai kawai. Wanda ba shi da fentin mai yana iya yin na ruwa: ƙasa mai launi a daka, a tankaɗe, a jiƙa a tace, a niƙa da ƙaro, kashi 1 na ƙaro a kashi 2 na ruwa, da ɗigon zuma don kada ya faffashe.

A fentin mai ƙa'ida ita ce shafin farko ya zama siriri marar mai da yawa, na sama ya fi mai. In aka juya, na sama ya riga na ƙasa bushewa, zanen ya tsattsage. Wasu zanen Turai na ƙarni na 19 sun lalace saboda an yi inuwarsu da wani baƙin fenti mai kwalta da ba ya bushewa sosai. Namu haɗarin shi ne fentin ƙofa da na mota, wanda ke yin rawaya yana ɓamɓarewa, da ƙurar hunturu da ke manne wa ɗanyen zane, don haka a jingina shi fuska ga bango ko a sa a akwati. A ajiye nesa da ƙasa saboda gara. Tsohon farin dalma da su Zurbarán suka yi aiki da shi guba ne, kada a neme shi.

Mun san akwai maganar addini a kan zanen abu mai rai, kuma malamanmu sun yi bayani a kai. Ba mu da hurumin fatawa, kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Wanda ya zaɓi ya kauce, aikin da ke gabansa ma yana da yawa: rijiya da kwarkwaronta, shinge, sawun garke a rairayi, kantun gishirin Bilma da kanwa, tarin harawa a kan rumfa, gawo da ƴaƴansa a ƙasa, da burtalin kansa tsakanin gonaki biyu.

Burtalin ne ya sa muka ce abin na gaggawa ne. Sifaniya ta dawo ta kare nata da dokar 1995, wadda ta mai da hanyoyin dabbobi, kimanin kilomita 125,000, mallakar jama'a. Tun 1994 ake ratsa tsakiyar Madrid da garkuna a watan Oktoba don tunatarwa, kuma a 2023 UNESCO ta sa tafiyar kiwon Sifaniya a jerin al'adun da ake karewa. Amma sassa da yawa sun riga sun shige ƙarƙashin kwalta da gini. Mu namu yana raye. Muna da dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, da dokar karkara ta 1993, da ta kiwo ta 2010 wadda ta ce zirga-zirga haƙƙin makiyayi ne. Duk shekara garkuna na hawa Damargu da damina, su gangaro ta Mirriya da Magariya da Matamaye bayan sakin gonaki, kuma duk shekara gona na ƙara cin gefen hanya. Hoton waya yana da amfani, amma yana ɓata tare da wayar, kuma ba ya tilasta wa mai ɗauka ya zauna awa biyu yana kallon yadda ake shayar da garke. Zane na tilasta haka, shi ya sa mai zane kan ga abin da mai wucewa bai gani ba.

Roƙonmu gare ka, ranka ya daɗe, guda uku ne. Ka ware ɗan gurbi, ko sau ɗaya a wata, a buga zanen dabba ko na makiyaya da wani ɗan ƙasa ya yi daga kallo, a rubuta a ƙarƙashinsa irin dabbar, da wurin, da watan da aka zana, domin waɗannan bayanai su ne za su mai da shi shaida nan gaba. In za a zaɓi wanda za a buga, a sa makiyayi ko dillalin dabbobi cikin masu dubawa tare da malamin zane. Sannan muna kira ga hukumomin ilimi na jiha su ba malaman lakkwal damar fita da yara zuwa turke ko bakin rijiya a lokacin darasin zane, ko da sau biyu ne a shekara, ɗaya a kaka lokacin da dabbobi suka ƙoshi, ɗaya a ƙarshen bazara lokacin da haƙarƙari ya fito, a ajiye zanen biyu a gefe ɗaya a gidan tarihi na Zinder.

Allah ya ƙara wa jarida albarka. Wassalam.

Daga wasu malaman zane da ma'aikatan kiwo,
Damagaram, Jihar Zinder.